NAZARI: Sorau da jinyar masu rai a hannun Allah: Ilimin aro ba ya rufe katara

Sorau gari ne a Ƙaramar Hukumar Maiha ta Jihar Adamawa, kudu da Mubi, kusa da iyakar Kamaru. Idan zazzaɓi ya kayar da yaro a can cikin damina har ya fara suma, ko mai jego ta kama zubar da jini da tsakar dare, ko kububuwa ta sari manomi a gona, abin da aka yi masu a sa'o'in farko shi ne, bayan ikon Allah, zai raba gardama tsakanin tashi da tafiya. Babban asibiti yana Mubi, wanda ya fi shi girma kuma yana Yola, kimanin kilomita 200 daga Mubi. Kafin a samu mota, a haɗa kuɗin mai, a kama hanya, lokacin da likita ya fi buƙata ya riga ya yi nisa.

A Abuja, da zarar an tada zancen irin waɗannan marasa lafiya, hankali kan tafi ga sashen kulawa ta musamman da ake kira ICU: gado nawa ne, na'urar taimaka wa numfashi nawa za a saya, wa za a bai wa kwangilar. Amma binciken da likitoci suka yi a asibitocin Afirka cikin shekaru 15 da suka wuce ya fito da abubuwa biyu da ya kamata su sauya wannan lissafi. Na farko, mafi yawan masu tsananin jinya ba sa ganin ko ƙofar ICU. Na biyu, wasu hanyoyin jinya da suka ceci rayuka a wasu wurare, idan aka kwaso su zuwa inda babu abubuwan da suka jingina da su, ko dai su rasa amfani, ko su ƙara yawan mace-mace. Ɗaya daga cikin binciken da suka nuna haka a Adamawa aka yi shi.

Abin da Mubi ta gani

Yankin Mubi ya san yadda asibiti ke cika da masu neman ceto a lokaci ɗaya. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta ƙwace garin, jama'a da ma'aikata suka watse, sai a tsakiyar Nuwamba aka ƙwato shi. Ranar 21 ga Nuwamba, 2017, ɗan ƙunar baƙin wake ya tada bam a masallaci lokacin sallar Asuba, aƙalla mutum 50 suka rasu. Ranar 1 ga Mayu, 2018, aka sake kai tagwayen hare-hare, aka kwashi waɗanda suka fi jikkata zuwa Yola. Watan bai ƙare ba sai kwalara ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ta kwantar da ɗaruruwan mutane.

Bayan haka Gwamnatin Tarayya ta mayar da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Yola Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ta kuma kafa wata cibiyar tarayya a Mubi. Daga nan maganar ta dawo teburin ma'aikatan tarayya. Kasafin cibiyar, ɗaukar ma'aikatanta da sayen kayanta duk ta ofisoshin Abuja suke bi. Abin da aka rubuta a takardun nan shi zai nuna irin tarbar da ɗan Sorau zai samu ranar da aka kawo shi ranga-ranga.

Ina masu tsananin jinyar suke kwance?

A farkon 2025 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa sakamakon wani bincike mai suna ACIOS, wanda aka yi a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, har da Najeriya. Tsarinsa mai sauƙi ne. A kowane asibiti aka ware rana ɗaya, aka bi duk baligin da ke kwance gado-gado, aka auna numfashinsa, bugun jininsa, yawan iskar oksijin a jininsa da yadda hankalinsa yake. Bayan kwana 7 aka koma aka duba wa ya tashi, wa ya rasu.

Cikin mutum 19,872 da aka duba, ɗaya cikin kowane takwas yana cikin mawuyacin hali. Kashi 21 cikin 100 na waɗannan sun rasu cikin mako ɗaya, alhali a sauran marasa lafiya kashi 2.7 ne. Kusan kashi 69 na masu mawuyacin halin a ɗakunan kwanciya na gama-gari suke, tare da kowa da kowa. Fiye da rabinsu kuma ba su samu cikakkiyar kulawar farko da halinsu ke nema ba.

Wannan kulawar farko masana sun riga sun jera ta. A 2021 wani ayarin likitoci daga ƙasashe da dama ya cim ma matsaya kan ayyuka 40 da ya wajaba kowane asibiti ya iya yi wa mai tsananin jinya. Daga ciki akwai gane shi da wuri ta hanyar awo a kai a kai, ba shi oksijin, kwantar da wanda ya suma a gefensa don kada ya shaƙe, tsayar da zubar jini, ƙara ruwa ga wanda ya bushe, da ba da sukari ga wanda sukarinsa ya sauka. Babu ɗaya cikinsu da ke buƙatar na'ura ta miliyoyin naira. Abin da suke buƙata shi ne ma'aikacin jinya da ke bakin aikinsa, da ƙananan kaya masu aiki, da takardar da ake rubuta awon a kai.

Ranar da ƙarin ruwa ya kashe yara

A 2001 wani asibiti a birnin Detroit na Amurka ya gwada sabuwar hanyar jinyar mutanen da ƙwayoyin cuta suka bazu a jikinsu har bugun jininsu ya faɗi. Hanyar ta ƙunshi ɗura ruwa mai yawa ta jijiya a sa'o'in farko, da magungunan ɗaga bugun jini, da ƙarin jini idan ya kama. Cikin mutum 263 da aka gwada a kansu, mace-mace suka sauka daga kashi 46.5 zuwa kashi 30.5. Duniya ta rungumi wannan hanya, ta shiga littattafai da ka'idojin jinya. Ɗura ruwa da sauri ga yaron da jikinsa ya fara sanyi kuwa tun da can abu ne da ake koya wa kowane ɗalibin likita.

Farfesa Kathryn Maitland da abokan aikinta suka ce bari a gwada a Afirka. Binciken nasu, mai suna FEAST, ya ɗauki yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani a asibitoci 6 na Kenya, Tanzaniya da Uganda. An raba yaran rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, yadda babu likitan da zai zaɓi wanda za a yi wa wannan ko wancan. Wasu aka ɗura masu ruwa da sauri a sa'ar farko, wasu kuma aka ba su ruwan a hankali. Masu binciken sun yi tsammanin rukunin farko ne zai fi tsira. A Janairun 2011 kwamitin sa-ido mai zaman kansa ya nemi a tsayar da aikin, domin cikin sa'o'i 48 kusan kashi 10.5 na yaran da aka ɗura wa ruwa da sauri sun rasu, alhali a ɗaya rukunin kashi 7.3 ne. Wato cikin kowane yara 100, uku sun tafi ne saboda abin da aka yi da niyyar cetonsu. Har yau masana na muhawara kan dalilin, amma alƙaluman ba su bar ƙofar musu ba. Sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara ka'idarta kan wannan batu.

A nan akwai abin lura ga yanki irin Mubi. FEAST bai haɗa da yara masu amai da gudawa ba. Mai kwalara ruwan jikinsa ne ya zube, kuma mayar masa da shi cikin gaggawa shi ne maganinsa. Ma'aikacin da ya ji rabin labari, ya hana mai kwalara ruwa, ya yi ɓarnar da ta fi ta farko. Sakamakon bincike yana da iyaka, kuma sanin iyakar tasa wani ɓangare ne na horon da ma'aikaci ke buƙata.

An sake ganin irin wannan a manya. A Asibitin Koyarwa na Lusaka, babban birnin Zambiya, aka gwada hanyar da ta yi kama da ta Detroit a kan mutum fiye da 200, kusan kashi 90 cikinsu masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna kashi 48 sun rasu a rukunin sabuwar hanyar, kashi 33 a rukunin da aka bi yadda aka saba. Numfashin waɗanda aka cika wa ruwa ya fi taɓarɓarewa. A Detroit, idan ruwa ya taru a huhu akwai na'urar da za ta riƙe numfashi har a shawo kansa, a Lusaka kuwa kusan kowa a ɗakin gama-gari yake kwance. Ko a ƙasashen masu hali ma, manyan gwaje-gwaje uku da aka yi a Amurka, Ostireliya da Ingila a 2014 da 2015 ba su ga fifikon hanyar Detroit a kan jinyar da aka saba ba.

Darasin Fufore, Song da Mayo-Belwa

Misalin da ya fi kusa da Sorau shi ne na maganin artesunate na matsi, wanda ake saka wa yaro ta dubura idan zazzaɓin cizon sauro ya yi masa tsananin da ba ya iya haɗiyar komai. Hikimarsa ita ce ya riƙe yaron har a kai shi asibiti, a yi masa allura, sannan a cika masa da ƙwayoyi na kwana uku. Wani babban gwaji da aka yi a Bangladash, Gana da Tanzaniya, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa ga waɗanda suka haura sa'o'i 6 ba su isa asibiti ba, matsin ya rage mutuwa ko naƙasa ta dindindin da rabi. A takarda, babu maganin da ya fi wannan dacewa da ƙauyen da ke nesa da asibiti.

Tsakanin 2018 da 2020 aka bi diddigin shigo da maganin a ƙasashe uku, ƙarƙashin wani shiri mai suna CARAMAL: Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Uganda da Najeriya. A Najeriya ƙananan hukumomin Fufore, Song da Mayo-Belwa na Adamawa aka zaɓa. Abin da aka gani ya girgiza masana. A Adamawa kusan kashi 20 na yaran da aka yi wa matsin sun rasu, alhali a waɗanda ba a yi wa ba adadin bai kai kashi 8 ba. A Uganda kuwa, inda yara suka fi samun cikakken magani daga baya, mace-macen gaba ɗaya ba su kai kashi 1 ba. Yara da yawa a Adamawa ba a ƙarasa da su asibiti ba, waɗanda aka kai kuma ba duka suka samu allurar da ƙwayoyin da ke biye ba. Matsi ɗaya yana iya sauke zazzaɓi, iyaye su ga yaro ya buɗe ido su ɗauka ya warke, alhali cutar na nan a jini.

A Janairun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen da ba su fara amfani da maganin ba su dakata, waɗanda suka fara kuma su sake duba yadda suke yi. Wasu fitattun masana zazzaɓin cizon sauro suka yi ca a kan shawarar. Hujjarsu ita ce CARAMAL bai raba yara ta ƙuri'a ba, don haka mai yiwuwa ne ma'aikata sun fi yi wa yaran da suka fi galabaita matsin, sai alƙaluma suka ɗora wa maganin laifin cutar. Ga kuma korona da ta shigo ta dagula zirga-zirga a ƙarshen binciken. Bayan sake nazari, a 2023 hukumar ta amince cewa binciken bai tabbatar maganin ne ya jawo mace-macen ba, ta kuma jaddada amfani da shi, da sharaɗin a tabbatar yaro ya isa asibiti ya samu sauran maganin.

Darasi biyu ne a nan. Magani mai inganci ba ya aiki shi kaɗai: idan babu mota, babu kuɗin hanya, babu allura a asibitin da aka nufa, an fara aiki ne ba a ƙarasa ba. Sannan yadda aka tsara bincike shi ke nuna irin amsar da zai iya bayarwa. An kashe kuɗi da shekaru, yaran Adamawa suka ba da alƙaluma, amma aka kwashe fiye da shekara ana jayayya kan abin da alƙaluman ke nufi.

Inda aka gwada a gida aka ci riba

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma Najeriya tana da gwaje-gwajen da suka sauya jinya a duniya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ilorin na cikin cibiyoyi 11 a ƙasashen Afirka 9 da suka yi gwajin AQUAMAT a kan yara 5,425 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Sakamakon 2010 ya nuna kashi 8.5 sun rasu da allurar artesunate, kashi 10.9 da kwinin. Shekara na zagayowa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita artesunate, kuma ita ce allurar da ake nema yau a Mubi.

A Kaltungo ta Jihar Gombe, likitocin Najeriya da abokan aikinsu suka gwada magungunan dafin kububuwa iri biyu na EchiTAb a kan mutum 400, aka wallafa a 2010. An haɗa magungunan ne da dafin macizan ƙasar nan. Wannan na da muhimmanci, domin maganin da aka haɗa da dafin macizan Indiya sau da yawa ba ya karya dafin kububuwar Afirka ta Yamma, ko da kuwa ya fi araha a takardar kwangila.

A 2023 aka fitar da sakamakon E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a ɓangaren Najeriya. An bi haihuwa fiye da 200,000 a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa ta sa ana gane zubar jini da wuri, sannan a haɗa matakan magani a yi su gaba ɗaya, maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunan sakamako ya ragu da kashi 60. Kowace mace da aka tsayar wa jini a ɗakin haihuwa gado ɗaya ne na ICU da aka huta nema.

Haka a asibitoci 12 na Kudu maso Yamma, likitocin Ibadan da na Melbourne ta Ostireliya suka shigo da 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin, suka gyara tsarin samar da iskar. Mace-macen yara masu ciwon huhu suka ragu da kusan rabi. Tun kafin su fara, da suka gwada injinan tace oksijin da suka tarar, mafi yawansu ba sa fitar da iska mai ingancin magani. Wasu na ƙara, suna hurawa, amma iskar ɗaki kawai mara lafiya ke shaƙa.

Tabon Kano

Ba a maganar gwajin magani a Arewa ba tare da an tuna 1996 ba. A tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka naƙasa. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce an nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, labarin Trovan na cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su.

Neman izini ya fi wuya a jinyar gaggawa, domin mara lafiyar a sume yake, kuma minti goma na iya zama rai. Wanda ya kawo shi a ruɗe yake, wataƙila ma ba shi ne mai ikon yanke shawara a gidan ba. A FEAST, da amincewar kwamitocin ɗa'a, an riƙa neman yardar iyaye da baki a taƙaice a lokacin gaggawa, sannan a yi cikakken bayani a sa hannu bayan yaro ya ɗan natsu. Najeriya tana da Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, wanda ya fitar da ka'idojinsa a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba shi gindin zama, hukumar NAFDAC kuma ita ke ba da izinin gwajin magunguna. Amma takardar izini da aka rubuta da Turancin lauyoyi ba ta sanar da kowa komai a Maiha. Sai an yi bayani da Fulatanci, Hausa da Njanyi, an zauna da hakimai, limamai, fastoci da ƙungiyoyin mata tun kafin a ɗauki mutum na farko.

Abin da ke gaban masu rubuta kasafi

Doka da alƙawura ba su yi ƙaranci ba. Sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar jinyar gaggawa. Dokar ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko, kashi 5 na asusun kuma ga jinyar gaggawa. A Bamako a 2008 ministoci suka yi kiran a ware kashi 2 na kasafin ma'aikatun lafiya don bincike. A Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurori biyu, ɗaya kan jinyar gaggawa da ta masu tsananin ciwo, ɗaya kan oksijin. Kasafin lafiya na tarayya dai ya daɗe yana yawo a kusa da kashi 5, nesa da kashi 15 da shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja a 2001.

Matsalar ta fi yawa a yadda ake raba ɗan abin da ke akwai. Gini da na'ura suna da ranar buɗewa, da hoto, da allon da za a rubuta sunan mai girma. Albashin ma'aikaciyar jinya ta dare, batirin na'urar awo, man janareta da injiniyan gyaran kayan asibiti ba su da ko ɗaya. A Janairun 2021 Shugaba Buhari ya amince da Naira biliyan 6.45 don kafa cibiyoyin samar da oksijin a wurare 38. Tambayar da ta dace jami'in tsare-tsare ya riƙa yi kan irin wannan aiki ita ce mutum nawa suka shaƙi iskar a watan jiya, kuma wa ya auna ingancinta. Kwamitin masana na Lancet kan oksijin ya ƙiyasta a 2025 cewa a Afirka kudu da Sahara kashi 91 na masu buƙatarta ba sa samu.

Wannan ba ya nufin Mubi ba ta buƙatar ICU. Wanda ya yi haɗarin mota ya bugu a ka, da mai ciwon sandarewar jiki, da mai cikin da jijjiga ta kama, wasunsu ba za su tsira ba sai da na'ura. Amma na'urar tana buƙatar wutar da ba ta yankewa da ƙwararre a gefenta dare da rana, a ƙasar da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ta cikin shekaru 5 zuwa 7. Gado kaɗan masu aiki, a saman ɗakunan gama-gari da ke gane mara lafiya kafin ya faɗi, sun fi dogon ɗaki a kulle.

Shi ma binciken ba lallai ne ya ci kuɗi mai yawa ba. A 2020 masana a Jami'ar Oxford suka kafa gwajin RECOVERY a cikin asibitocin gwamnati fiye da 170 na Birtaniya, da gajeren fom da likita zai cike yana tsakiyar aiki. Cikin kwana 100 suka gano cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'ura da kashi ɗaya bisa uku, amma ba ya amfanar wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba. Suka kuma nuna hydroxychloroquine ba ya rage mutuwa, bayan a Legas mutane sun riga sun kwanta asibiti saboda ɗirkar kulorakwin.

Irin wannan tsari ya dace da Arewa maso Gabas. Asibitocin tarayya na Mubi, Yola, Gombe da Maiduguri za su iya amfani da rajista iri ɗaya: daga ina mara lafiya ya fito, sa'a nawa ya yi a hanya, me awonsa ya nuna, me aka yi masa, ya ya ƙare. A bai wa kowace cibiya kwamitin ɗa'a mai rajista, da ma'aikatan jinya biyu ko uku da aikinsu tattara bayanai ne, da layi a kasafin yau da kullum wanda ba zai jira mai ba da tallafi daga waje ba. Asusun bincike na TETFund na iya ɗaukar nauyin tambayoyin da yankin ya fi buƙatar amsarsu: ruwa nawa ya dace da baligin da bugun jininsa ya faɗi a inda babu na'ura, me ƙaramin asibiti zai yi kafin ya tura mutum gaba, kuma biyan kuɗin mota kyauta zai ƙara yawan yaran da ke isa asibiti da nawa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya tashi ya duba lokacin da ake ruwan. Mai taimaka wa ɗan majalisa da ke shirya jerin ayyukan mazaɓa, da daraktan da takardar sayen kayan asibitin Mubi za ta biyo ta teburinsa, suna da damar tambaya kafin su sa hannu: a ina aka gwada wannan, a kan su wa, kuma abubuwan da ya jingina da su suna nan tsakanin Sorau da Mubi? Idan amsar ba ta cikin fayil, aikin farko shi ne a ware kuɗin nemo ta.